Kazar barkono irin ta Indiya: me ya sa tawa take jiƙewa?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'abota wannan zaure. Ina neman shawara a kan wani girki da ya gagare ni har sau uku. A bara na raka mahaifiyata birnin Delhi neman magani, kuma a makonni biyar da muka yi a can, abincin da ya fi kwanta mini a rai shi ne wata soyayyiyar kaza da suke kira chilli chicken, wadda ake samu a kusan kowane ƙaramin gidan abinci da ke unguwar da muka sauka. Tsoka ce zalla da aka yayyanka ƙanana, bayanta ya soyu ramas, cikinta da taushi, an juya ta da albasa da koren tattasai a cikin wani romo mai duhu, mai yaji da ɗan tsami, wanda yake manne a jikin naman maimakon ya kwanta a ƙasan faranti.

Da na dawo gida na gwada. Na tafasa kazar da albasa da kori da dunƙule kamar yadda muka saba, na zare ƙashin, na turbuɗa tsokar a garin masara na soya, sannan na zuba ta a cikin jajjagen attarugu da tattasai, na tsiyaya soya sos, wato baƙin ruwan ɗanɗano da ake yi da waken soya, a kai. Garin ya zube cikin mai ya ƙone, wanda ya saura a jikin naman ya jiƙe ya yi caɓal, gishiri kuma ya yi yawa. Maigida ya ci ya yaba, amma ya ce shi bai ga bambancinta da kazar da ake yi wa jajjage a gidan biki ba. Don Allah, a ina nake yin kuskure?

Tsohon Ɗalibi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Na yi karatu shekara uku a Kolkata, garin da aka haifi wannan salon girki, kuma ina ganin idan kika san asalinsa za ki gane abin da ya kamata ki cire daga tukunyarki.

Tun ƙarshen ƙarni na 18 'yan ƙasar Sin suka fara zama a yankin Kolkata. Wanda ake ambata a matsayin na farko shi ne Tong Atchew, wanda ya kafa masana'antar sukari a wurin da yanzu ake kira Achipur. Daga baya mutanen Hakka, wata al'umma daga cikin 'yan Sin, suka zo, da yawansu suka kama sana'ar jima a unguwar Tangra. Yaƙin Sin da Indiya na 1962 ya sa da dama daga cikinsu barin ƙasar, sannan a 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarnin a fitar da majemu daga cikin birnin, abin da ya ƙara tura waɗanda suka rage zuwa sana'ar sayar da abinci, har wasu tsofaffin majemun suka koma gidajen cin abinci. Waɗannan masu girki sun riƙe dabarun iyayensu, wato soya sos da ruwan khal da sitaci da suya ta ɗan lokaci a kan wuta mai ƙarfi, sai suka ƙara abin da bakin Ba'indiye yake so: ɗanyen koren barkono da tafarnuwa da citta masu yawa. A Sin ba a san wannan kaza da wannan siffa ba. Ta Indiya ce, haka ma 'yar uwarta da ake kira Manchurian, wadda ake dangantawa da Nelson Wang, haifaffen Kolkata da ya yi suna a Mumbai a shekarun 1970.

Saboda haka kori ba shi da gurbi a cikinta ko kaɗan, duk da cewa daga Indiya ta fito, haka nan jajjage. Babban kuskuren kuwa shi ne tafasa kazar. Ɗanya ake soya ta. Naman da ya riga ya dahu ba ya riƙe ƙullu, kuma idan aka sake soya shi sai ya bushe ya yi zare-zare.

Inna Mai Kasko ta amsa:

Malam ya faɗi gaskiya game da tafasawa, amma akwai abin da ya tsallake, kuma shi ne ya fi cutar da ke, 'yata. Garin masarar da kika yi amfani da shi, idan na tuwo ne, ba shi ake nufi ba. Abin da Indiyawa suke sawa sitacin masara ne, wanda a kanti ake kira kon fulawa, fari fat, mai laushi kamar hoda, wanda idan kika murza shi da yatsa za ki ji yana ƙiƙ-ƙiƙ. Garin tuwo yana da tsaki-tsaki, ba ya manne wa nama, shi ya sa ya zube ya ƙone miki a mai.

Ga yadda nake yi da rabin kilo na tsokar cinya, domin cinya ta fi ƙirji jure wuta. Ki yanka ta daidai loma, ki tsane ruwanta sosai da tsumma mai tsabta, ki zuba soya sos babban cokali ɗaya, dakakkiyar citta da tafarnuwa babban cokali ɗaya, masoro rabin ƙaramin cokali, da ruwan khal ƙaramin cokali ɗaya, ki cuɗa ki rufe ki ajiye na minti 30. Sai lokacin da mai yake kan wuta za ki fasa ƙwai ɗaya a kai, ki zuba sitaci manyan cokula uku da fulawa manyan cokula biyu, ki juya har kowane yanka ya samu siririyar riga. Kada ƙullun ya yi kauri irin na fanke, kada kuma ya riƙa ɗiga.

Man ya yi zafi sosai amma kada ya kai ga hayaƙi. Masu ma'auni suna neman digiri 175 ko kusa da haka; ni kuwa ɗigon ƙullu nake jefawa, idan ya taso nan take yana kumfa, man ya yi. Ki soya kashi biyu ko uku, kowane kashi minti huɗu zuwa biyar, domin idan kika cika kasko zafin man zai faɗi, naman ya fitar da ruwa, sai ya koma dahuwa a cikin mai yana shan sa. Ki tsame a matsami, kuma kada ki rufe, tururi ne yake fara lalata suya tun kafin romo ya taɓa ta.

Romon kuwa ki haɗa shi a kofi tun kafin ki kunna wuta: soya sos manyan cokula biyu, ruwan khal babban cokali ɗaya, niƙaƙƙen jan barkono babban cokali ɗaya, sukari ƙaramin cokali ɗaya, da ruwa rubu'in kofi da aka dama sitaci ƙaramin cokali ɗaya a ciki. Ki ɗora faffaɗan kasko a kan wuta mafi ƙarfi da kike da ita, ki zuba mai cokali biyu, ki sa yankakkiyar tafarnuwa kamar ƙwaya takwas da koren barkono huɗu da aka tsaga a tsaye. Da zarar ƙamshi ya tashi, ki zuba albasa ɗaya da koren tattasai ɗaya da aka yanka manya-manya, ki juya minti ɗaya kawai, domin ana son su da sauran garas-garas. Ki juye haɗin kofin, zai yi kauri ya yi sheƙi cikin 'yan daƙiƙu, sannan ki zuba kazar ki juya sau biyar ko shida, ki watsa lawashi ki sauke. Daga zuba tafarnuwa zuwa saukewa bai kamata ya wuce minti huɗu ba. Gishiri da dunƙule kuma ki manta da su har sai kin ɗanɗana, soya sos kansa gishiri ne.

Amaryar Bara ta amsa:

Inna, Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Sai dai da izininki zan ɗan saɓa miki a kan ƙwai da fulawa. Na gwada hanyoyin biyu, kuma na lura cewa ƙwai yana sa rigar ta yi laushi kamar soso, fulawa kuma saboda danƙonta tana saurin shan romo. Idan na yi da sitaci zalla da ɗan ruwa, sannan na soya sau biyu, wato na tsame bayan minti uku, na bari ta huce kaɗan, na ƙara wuta na mayar da ita na minti ɗaya, takan daɗe ba ta saki ba ko da ta shiga romo.

Sannan ina jan hankalin Yaya Uwar Biyu game da attarugu. Ya fi koren barkonon Indiya zafi nesa ba kusa ba, kuma yana da nasa ƙamshin da yake danne soya sos da khal, wanda ina zaton shi ne ya sa maigida ya tuna da kazar biki. Ki nemi ɗanyen shambo tun yana kore, ko siririn barkono ɗanye. Kazar gidan gona ce kuma ta dace da wannan girki. Kazar Hausa ta fi daɗi a farfesu, amma ba za ta yi laushi a suyar minti biyar ba. Game da soya sos, wanda aka tsima ta hanyar gargajiya yakan ƙunshi ɗan burɓushin barasa da ke samuwa wajen tsimin, don haka ni nakan duba kwalbar da take da tambarin halal kafin in saya.

Tsohon Ɗalibi ya ƙara da cewa:

Dukkan hanyoyin biyu na gan su a can, kuma masu sayarwa a bakin titi sun fi sa ƙwai. Abin da zan ƙara shi ne iri biyu ake yi. Akwai busasshiya, wadda Inna ta bayyana, da ake ci ita kaɗai kafin babban abinci, akwai kuma mai romo da ake ci da soyayyiyar shinkafa ko taliyar Hakka, inda ake ƙara ruwa kamar kofi guda da ƙarin sitaci. Mai romo ba a sa ran ta zauna ramas, don haka kada Hajiya ta ga laifin hannunta idan ita ta yi. Ɗanɗanon nan kuma da ke sa mutum ya kasa ajiye cokali, sau da yawa farin magi ne, wanda su ma suke kira Ajinomoto. Ɗan tsunkule ya isa ga mai so.

Uwar Biyu ta dawo:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare na bi awon Inna, amma na ari suya biyu daga wurin ƙanwata Amaryar Bara, kuma wannan karon rigar ta zauna a jikin naman, romon ya manne yana sheƙi kamar yadda na gani a Delhi. Sai dai na sauke ta kafin maigida ya dawo daga masallaci, na rufe a kula, da aka buɗe bayan minti 40 ta yi laushi, tattasan ma ya yi la'asar. Ko akwai dabarar ajiye ta?

Inna Mai Kasko ta amsa:

Babu, 'yata, wannan kaza ba ta shiri da kula. Ki soya naman ki bar shi a buɗe a matsami, ki yanka albasa da tattasai ki ajiye, haɗin romo kuma yana kofi. Idan kin ji sallamarsa a ƙofa sai ki kunna wuta, ki sake juya haɗin da cokali domin sitacin ya riga ya kwanta a ƙasa, kafin ya wanke hannu ya zauna kin sauke.