Tsohuwar kurangar inabi da aka yi watsi da ita: a sare ko a ceto?

Magajin Gida, Zariya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san noman inabi. A gidanmu na gado akwai kurangar inabi guda uku da marigayi mahaifinmu ya dasa a bayan gida, ya yi musu rumfa ta ƙarfe da waya, kuma lokacin da yake raye ba mu taɓa rasa inabi tsakanin Janairu da Fabrairu ba. Shekara 6 ke nan da rasuwarsa, babu wanda ya sa musu almakashi. Rassan sun sarƙe da juna, sun haye katanga har sun kama darbejiyar maƙwabta, rumfar ta karye ta gefe guda, gara kuma ta ci gindin ɗaya daga cikinsu. Kowace damina ganye yana fitowa da yawa, amma 'ya'yan ƙanana ne masu tsami, yawancinsu kuma suna ruɓewa kafin su nuna. Burina iyali su ci, a matse ruwan a sha, abin da ya rage a shanya a yi zabibi. Shin in sare su in dasa sababbi, ko akwai hanyar ceto su? Zuciyata ta fi karkata ga ceton, domin da hannunsa ya dasa su.

Manomin Kudan:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba. Kada ka sare su, domin saiwar da ta daɗe a ƙasa tana da ƙarfin da sabon dashe zai yi shekara uku bai kai ba. Ka ɗauki wuƙa ka kankare ɓawon kowane babban reshe kaɗan: inda ka ga ɗanyen kore akwai rai, inda ka ga busasshen itace mai launin ƙasa ya mutu, sai ka bi shi da zarto har ka isa wurin da yake da rai.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, inabi yana haihuwa ne a kan sabon tohon da ya fito daga reshen bara, tsohon itace ba ya ba da komai sai nauyi. Naka sun yi shekaru suna ciyar da ɗaruruwan rassa marasa amfani, shi ya sa 'ya'yan suka ƙanƙance, kuma duhuwar ganyen ta hana iska da rana shiga. A kowace kuranga ka zaɓi kututture ɗaya mai lafiya da hannaye biyu ko huɗu da za ka shimfiɗa a kan waya, sauran duka ka cire. Idan ka gama za ka ga kamar ka kashe su, mutanen gida ma za su yi maka faɗa, amma haka aikin yake. Wadda gara ta ci, idan ramin ya wuce rabin kututturen, ka datse ta kusa da ƙasa, ka bar toho ɗaya mai ƙarfi ya zama sabon kututture. Sai dai ka duba ko aure aka yi mata, wato an haɗa reshen wani iri a kan gindin wani irin, domin tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar auren na gindin ne, ba irin da Baba yake ci ba. Ka gyara rumfar kafin toho ya fara, kuma ka haƙura da 'ya'ya a shekarar farko. Duk furen da ya fito ka tsinke shi.

Malamin gona mai ritaya, Samaru:

Na yarda da abin da ɗan'uwa daga Kudan ya faɗa game da yankan, amma bai ambaci lokaci ba, kuma a ganina nan ne matsalarka ta fi girma. A ƙasashe masu sanyi kamar Faransa da Italiya inabi yana zubar da ganye ya yi barci a lokacin hunturu, a yi masa aski sau ɗaya a shekara. A wurinmu sanyin bai kai ya kwantar da shi ba, don haka manomi ne yake tsara masa lokacin hutu da lokacin haihuwa. Manoman Nashik a ƙasar Indiya suna aski sau biyu, ɗaya a Afrilu ɗaya a Oktoba, kuma wannan tsarin ya dace da yanayinmu. Askin farko bayan girbi ne, a bar ido (wurin da toho yake fitowa) ɗaya ko biyu a kowane reshe domin a samu sababbin rassan da za su ƙosa cikin damina. Askin biyu a ƙarshen damina ne, kuma shi ne na 'ya'ya. Daga wannan aski zuwa girbi kimanin wata huɗu ne, shi ya sa mahaifinka yake cin nasa a Janairu da Fabrairu. Ina kyautata zaton tsarin da yake bi ke nan. Da aka bar kurangar ta yi yadda take so, sai ta riƙa fure cikin ruwan sama, inda fumfuna take cinye 'ya'yan.

Saboda haka babban yankan ka yi shi a Maris ko Afrilu. Bayan shi ka haƙa rami kewaye da gindin, ɗan nesa da kututture, ka zuba ruɓaɓɓen takin shanu, kada ka sa ɗanye domin yana jawo gara. Cikin damina ka riƙa duba ƙarƙashin ganye. Idan ka ga ɗigo rawaya kamar na mai a sama da farin gari a ƙasa, cutar fumfuna ce ta laima, maganinta feshi mai sinadarin jan ƙarfe. Sanannen haɗin da ake kira Bordeaux, na sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa, wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna Millardet ne ya fito da shi a shekarun 1880, kuma har yau yana aiki. Akwai wata fumfunar ta lokacin rani mai kama da toka a kan ganye da 'ya'ya, ita farar wuta ce maganinta, amma kada a fesa ta da tsakar rana mai zafi domin tana ƙone ganye. Duk ganye da rassan da ka yanke ka kwashe ka ƙone.

Hajiya daga Jos:

Ɗana, tunda ka ambaci ruwan inabi, bari in ja hankalinka. Inabi ba kamar ayaba ko mangwaro ba ne, idan an tsinke shi ba ya ƙara zaƙi, don haka ka ɗanɗana ƙwayar da take can ƙasan nonon kafin ka yanka. Tsuntsaye da jemagu za su riga ka sanin ya nuna, ni tsohon gidan sauro nake rufa wa tawa. Idan an matse ruwan kada a ajiye shi haka, domin a jikin fatar akwai yis na halitta, cikin kwana biyu ko uku a zafinmu zai fara kumfa ya juya giya. A tace shi, a ɗora a tukunyar da ba ta tsatsa, ya yi zafi sosai har tururi ya tashi ba tare da ya tafasa da ƙarfi ba, a zuba da zafinsa cikin kwalaben da aka dafa, a rufe gam. Zabibi kuwa iskar hunturu ta fi komai dacewa da shi, sai dai a lulluɓe faifan da yadi mai shara-shara saboda ƙura.

Magajin Gida, Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na kankare ɓawon kamar yadda aka ce, biyu suna da rai har sama, ta ukun kuwa gara ta cinye cikinta, amma akwai toho biyu masu kauri a gindinta, kuma ban ga alamar aure ba. Zan kira mai walda ya gyara rumfar a wannan watan, yankan kuma in jira Maris. Baba malamin gona, a askin Oktoba ido nawa zan bari a kowane reshe, tunda inabin namu baƙi ne mai ƙwallo a ciki?