Wace jitar lantarki zan saya da kuɗin riɗina, ni mai son koyon rok da metal?

Ɗan Maigatari:

Assalamu alaikum yayyena na wannan zaure. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Maigatari, ina da 'yar rumfar cajin waya da faranti biyu na sola. Shekara uku ke nan wani Buzu mai zuwa cin kasuwar Alhamis ya ba ni wayarsa in kwashe masa kaya zuwa sabon memori. A ciki na fara jin kiɗan Bombino da na Mdou Moctar, Buzayen Nijar masu kaɗa jita, na roƙe shi ya bar ni in kwafa. Daga nan na bi sawun sautin a YouTube har na iske ƙungiyoyin kiɗan metal Black Sabbath da Metallica. Wannan gurnanin da jitarsu ke yi, kamar hadari ya taso daga gabas, shi ne ya kama min zuciya, kuma shi nake so in iya fitarwa da hannuna.

Ina taɓa gurmi tun ina yaro, a wurin kawuna na koya, amma ban taɓa riƙe jita ba. Bana Allah ya sa riɗi ya yi kyau. Bayan na cire na gida da na takin baɗi, na ware naira dubu 250. Kuɗin guminmu ne ni da ƙanena, ba na so in zuba su a abin da zan yi da-na-sani.

Wace iri zan nema? Ƙauyenmu babu layin wuta, sai solar rumfata, to yaya zan yi da ita? Sannan ɗan yatsana na kusa da ƙarami a hannun hagu lauje ya taɓa yanka shi, bai cika lanƙwasuwa ba, ina tsoron kada ya hana ni. Kuma ɗakina jikin na Inna yake, ba zan so in hana ta barci ba. Ku taimaka min da shawara, Allah ya saka.

Mai Gyaran Rediyo, Ɗambatta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na kai shekara goma sha biyu da jita a ɗakina, kuma kusan duk wadda ta lalace a yankinmu teburina take zuwa, don haka bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Fara da sanin cewa jitar lantarki ita kanta ba ta cin wuta. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, idan tsirkiya ta kaɗa sai ya mayar da motsin ya zama 'yar wuta kaɗan, ta bi waya zuwa amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara sautin ya fito a lasifika. Amfilifayar ce mai neman wuta. Wannan maganaɗisun shi ne abu na farko da za ka duba, kuma iri biyu ne. Akwai siriri mai naɗi ɗaya, akwai mai faɗi mai naɗi biyu da ake kira hambaka. Mai naɗi ɗaya muryarsa garau take, amma yana kwaso ƙugin wutar da ke kusa, kuma da zarar ka murɗa distoshan, wato abin da ke kawo gurnanin nan da kake so, ƙugin sai ya ninka. A rumfa irin taka mai inbata da caja rututu, za ka ji shi sosai. Hambaka kuwa naɗinsa biyu an juya su ne su saɓa wa juna, sai ƙugin ya kashe kansa, muryar ta fito da kauri. Wani injiniyan kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ya ƙera nasu a 1955, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Idan metal kake nufi, kada ka sayi wadda babu hambaka a kusa da jakinta, wato inda tsirkiyoyin ke zaune a gindin jitar.

Jakin ma abin dubawa ne, kai da ka san na gurmi. Na jita ƙarfe ne, wani a kafe yake, wani kuma yana lilo a kan sifirin, da 'yar sanda da ake dannawa sauti ya lanƙwashe. Akwai irin da ake kira Floyd Rose, masu metal suna son sa, amma ka guje shi yanzu. Tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar duk sun bar saiti, kuma canza su sai ya ci maka yini guda. Mai koyo kafaffen jaki yake bukata.

Masu araha da na riƙe da hannuna na yarda da su: Ibanez GRG121, hambaka biyu, kafaffen jaki, wuyanta siriri ne, tana da daɗi ga mai ƙaramin hannu. Epiphone Les Paul Special II, ita ma hambaka biyu da kafaffen jaki, tsawon tsirkiyarta inci 24.75 ne, ya ɗan gaza inci 25.5 na irin jitar kamfanin Fender, don haka yatsu ba sa miƙewa da nisa. Sai Yamaha Pacifica 012 ko 112, mai hambaka ɗaya da sirara biyu. Ita jakinta mai lilo ne, amma idan aka ƙara ɗaure sifirin ɗin bayanta sai ya zauna daram. Ni Pacifica nake da ita. Akwai kuma Jackson na jerin JS, su dama don metal aka yi su.

Farashi yana bin dala, ba zan yanka maka ba. Abin da zan ce, kada ka ƙarar da kuɗin duka a kan jitar. Ka nemi ta hannu mai lafiya, ka bar wajen kashi ɗaya cikin uku don amfilifaya da waya da tsirkiyar canji.

Batun yatsa kuma, kwantar da hankalinka. Tony Iommi na Black Sabbath ɗin da kake saurara, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham, kuma a hannun da yake danna tsirkiya. Ya narka roba ya yi musu hula, ya koma amfani da tsirkiyoyi marasa kauri, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi, abin da ya ƙara wa sautinsu nauyi. Kai ma ka fara da masu lamba 9 zuwa 42. Kuma yawancin kiɗan nan a kan tsirkiya biyu ko uku na kauri ake gina shi, da manuniya da wani yatsa ɗaya. Idan na kusa da ƙaramin ya ƙi, ƙaramin zai yi aikin.

'Yar Haɗejia:

Malam, a gafarce ni, ina ganin kada a rufe masa ƙofar mai naɗi ɗaya gaba ɗaya. Shi fa da kiɗan Agadas ya fara. Mdou Moctar Fender Stratocaster yake kaɗawa, kuma wannan ƙarar mai kaifi daga irin wannan maganaɗisun take fita. Yayana yana da Squier, wato mai arahar da Fender ke yi, kuma ni ma a kanta na koya. Ɗan'uwa, idan zuciyarka ta rabu biyu tsakanin kiɗan Buzaye da metal, Pacificar da Malam ya ambata ita ce za ta haɗa maka duka, ko Squier mai hambaka ɗaya a gindi, domin akwai ta. Mdou ɗin ma da itace da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ka ga hannunka na gurmi ba ƙaramin jari ba ne.

Baban Yara, Ɓaɓura:

Ɗana, ni kuskurena zan ba ka. Na ga wata a intanet da babban suna a kanta, farashi kamar kyauta, na tura kuɗi aka ɗoro min ita a mota daga Legas. Da na buɗe kwalin, sunan ashe liƙa shi aka yi, wuyan kuma ya bankare kamar baka, tsirkiya ta yi nesa da katako har sai na sa ƙarfi kafin ta taɓa. Mai ita ya daina ɗaukar wayata. Amfilifayar da ya haɗo min ta kasuwar Amurka ce, mai wuta 120, tamu kuwa 230 ce. Ina jona ta a janareta hayaƙi ya tashi. Don haka ka karanta rubutun bayan kowace amfilifaya kafin ka jona.

Ka shiga mota ka je Sabon Gari a Kano, wajen masu sayar da kayan kiɗa, ka riƙe ta da hannunka. Ka ɗora gindinta a saitin idonka ka leƙa tsawon wuyan kamar mai duba miƙewar gora. Ka danna kowace tsirkiya a kowane gurbi ka ji ko tana zizar ƙudan zuma. Ka sa su jona ta, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza wayar a bakin raminta. Idan mai shago ya ƙi bari ka gwada, ka yi masa sallama.

Ɗan Maigatari:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Labarin yatsun nan ya sanyaya min rai, na karanta wa ƙanena shi har sau biyu. Yaya, hankalina ya fi kwanciya da Pacificar saboda maganar 'yar'uwa, don gaskiya ba zan iya barin kiɗan Buzaye ba. Saura batun wuta da barcin Inna. Kuma Baba ya tsorata ni da maganar wuya: idan na saye ta a miƙe, zafin nan namu ba zai lanƙwasa ta ba?

Mai Gyaran Rediyo, Ɗambatta:

Akwai ƙananan amfilifaya masu aiki da batir. Blackstar Fly 3 wat 3 ce, Boss Katana Mini wat 7, kowacce batir shida take ci irin na AA, kuma dukansu suna da distoshan a jiki da ramin hedifon. Ka sayi batir masu caji ka riƙa cika su a rumfarka da rana. Da dare ka sa hedifon, abin da Inna za ta ji bai wuce ƙyas-ƙyas ɗin tsirkiya ba. Amma ka rage ƙara, kunne ba shi da canji.

Wuyan kuwa hunturu ne babban abokin gabarsa. Iska ta bushe, katako ya tsuke, sai ka ji bakin ƙarafan nan na kan wuya sun fito suna kartar hannu. Tawa haka take yi min duk Janairu, da damina ta koma. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa a daidaita shi, kada ka taɓa ta sai an nuna maka. Ka ajiye jitar cikin jakarta saboda ƙura, kada ka jingine ta a jikin langa-langar rumfa da rana, kuma ka goge tsirkiyoyin da busasshen ƙyalle duk sanda ka gama, gumi ke sa su tsatsa. Tsirkiyar canji ka sayo kunshi biyu tun daga Kano, siririyar ita ke fara tsinkewa.

Ranar da za ka tafi ka rubuto min. Asabar nakan shiga gari sayen kayan gyara, sai mu haɗu a Sabon Gari mu duba wuyan tare.