Ruwan da ke gangarowa daga kwalta: me kuka gani a wajenku?

Mai Neman Fuloti:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An yi mini tayin fuloti ta hanyar Bauchi, wajen Lawanti, ba nisa sosai da filin jirgin sama. Kuɗin da sauƙi, takardu ma sun cika. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ruwa. Wurin gangare ne, kuma a ƙasansa akwai tafkin da mutanen wurin ke ɗiba, dabbobi ma nan suke sha. Ina da yara ƙanana. Don Allah duk wanda ya taɓa zama a ƙasan wani babban wuri mai kwalta ko siminti, ko filin jirgi ne, ko tashar manyan motoci, ko gareji, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gara da ka tambaya tun kafin ka biya. Mun taɓa zaman haya a cikin garin Gombe, a ƙasan wani gareji. Duk rani ba mu da kuka da su. Ranar da aka yi ruwan farko kuwa, abin da ya bi ta ƙofar gidanmu baƙi ne ƙirin, samansa yana ƙyalli kala-kala. Baƙin man da suke tsiyayarwa a ƙasa tun kaka, da ruwan batir, da tsummokara, duk ya kwaso. Bayan 'yan kwanaki rijiyarmu ta fara warin gas. Shayi ba ya shayuwa, wanki ma sai ka ji tufafin suna wari. Muka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa har damina ta wuce. Mai gidana da maƙwabta suka je wurin mai unguwa, aka zauna da masu garejin cikin mutunci, suka yarda su riƙa tara man a duro. Ai akwai masu saye ma, ana shafa wa katako saboda gara. Mu kuma muka ɗaure bakin rijiyar da bulo, muka zuba siminti a kewayenta, aka yashe ta. Sai da rani ya zagayo warin ya bar ta gaba ɗaya.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana:
Malam, ni na yi aikin kashe gobara a wani filin jirgi a wata jiha har na yi ritaya. Ba a Lawanti ba ne, don haka abin da zan faɗa na filayen jirgi ne baki ɗaya. Man manyan jirage, wanda ake kira Jet A-1, dangin kananzir ne. In ya ɗiga wajen shan mai, doka ce a tsane shi nan take, ba a kora shi da ruwa. Akwai kuma robar taya da ke mannewa a titin duk sa'ad da jirgi ya dira, da man giris, da maganin ciyawar da ake fesawa a gefen titi da jikin shinge. Ƙasashen sanyi suna da ƙarin matsalar sinadarin narkar da ƙanƙara, mu Allah ya hutar da mu wannan.

Abin da ya fi damuna yanzu kumfar kashe gobarar mai ce. Muna atisaye da ita, muna gwada motoci, ta malale a ƙasa mu tafi. A lokacin ba a ɗauke ta abin tsoro ba. Daga baya duniya ta gano cewa irin wannan kumfa tana ɗauke da sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, kuma suna taruwa a jinin mutum. A 2009 aka saka ɗaya daga cikinsu, PFOS, a yarjejeniyar Stockholm ta taƙaita sinadarai masu daɗewa, PFOA kuma a 2019. A Amurka an same su a rijiyoyin da ke kusa da filayen jirgi da sansanonin soja da yawa. Ba su da wari, ba su da launi, tafasa ruwa ba ya fitar da su. Ba don in tsorata ka nake faɗa ba. In za ka tambaya, tambayi inda ake atisayen gobara da inda ruwan wurin yake nufa.

Ɗan Kumo:
Baba, tare da girmamawa, ina ganin an ɗauko abin nesa an bar na kusa. Jirgi nawa ke sauka a nan a yini? Ni abin da na gani da idona, wanda ya kwantar da yara a ƙauyen kakannina, kashi ne. Ana bayan gida a fili, ruwan farko ya wanke ya kai tafki, a sha, amai da gudawa su ɓarke. Ƙanwata ta kusa rasa ɗanta ta haka.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana:
Gaskiyarka ɗana, wannan shi ke kisa cikin kwana biyu. Nawa kuma sai bayan shekaru yake nuna kansa. Uba mai ƙananan yara ya kamata ya san duka biyun.

Injiniyan Ruwa:
Bari in sa baki, don aikina ne haƙa rijiyoyin burtsatse a yankin Akko. Abu na farko, Malam, kada ka sa rai da rijiyar hannu. A tudun da ke yamma da Gombe ruwa yana da nisa ƙwarai a ƙasa, shi ya sa ƙauyuka da yawa suka dogara da tafki da tankar ruwa. Nisan nan yana kare ruwan ƙasa daga dattin sama, amma yana nufin ruwan da talaka ke sha shi ne ainihin wanda ya gangaro. Wanda ke cikin gari yana samun na Dadin Kowa da aka tace bai san wannan ba.

Na biyu, yawan ruwan. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ɗauki titin jirgi mai tsawon kilomita 3 da faɗin mita 45. Ruwan milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, zai zubo masa lita miliyan 4 da 'yan kai, kuma kwalta ba ta shan ko ɗigo. Dole ya fita ta wani wuri. Ƙasarmu yashi ce, ruwa mai gudu yana yanka ta. Duk wanda ya san kwarin Malam Inna kafin a gyara shi ya san abin da nake nufi. Na taɓa ganin gonar da bakin kwalbati guda ya raba biyu cikin 'yan daminu.

A ƙa'ida, wurin da ake harkar mai yana da ramin da ke raba mai da ruwa kafin ruwan ya fita, sannan a rage masa gudu. Sai dai filin jirgi ba ya son buɗaɗɗen tafki a kusa, don yana tara tsuntsaye, tsuntsu kuwa haɗari ne ga injin jirgi. Saboda haka burinsu ruwa ya bar su da wuri, na ƙasa da su kuma burinsa ya iso a hankali. Nan ne doka ta shigo. Tun 1992 dokar ƙasa ta wajabta a binciki tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, kuma filin jirgi yana cikin jerin. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ita ke bin kadin dokokin muhalli na tarayya, jiha kuma tana da tata hukumar kula da muhalli, GOSEPA. Al'umma na da damar rubuta musu takarda. A ganina takardar da ta fito ta hannun jauro ko hakimi da sa hannun mutane ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi.

Jikan Ardo:
Baffana ya ce in rubuta masa. Ya ce shanu sun fi mutum sanin ruwa. In akwai mai a kai, sai su sunsuna su ja baya, ko da ƙishi. Amma abin da ya taɓa kashe masa tumaki ba daga kwalta ya zo ba. Masu feshin gona ne suka wanke tankin feshinsu a bakin mashaya suka jefar da robobin maganin a wurin. Ya ce a duba gonakin da ke saman tafkin, kada a tsaya kan shingen filin jirgi kaɗai.

Malamar Gwaje-gwaje:
Allah ya mayar wa Baffa da alheri. Ni a ɗakin gwajin ruwa nake aiki. Mutane suna kawo mana ruwa garau su ce ai sun sa alif. Alif laka yake kwantarwa. Tafasawa da kulorin suna kashe ƙwayoyin cuta, amma ba sa taɓa dalma, ko maganin feshi, ko takin zamani. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya na 2007 ya ce kada a sami ƙwayar E. coli, wadda ake samu a kashi, ko ɗaya a mililita 100, sinadarin naitiret, wanda ke fitowa daga taki, kada ya wuce miligiram 50 a lita, dalma kuma 0.01. Naitiret ya fi cutar da jarirai. Dalma kuwa, mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito.

Yaya, ka ɗebi ruwan sau biyu, ɗaya kafin saukar damina, ɗaya washegarin babban ruwan farko, don a kwatanta. PFAS da Baba ya ambata ba ya cikin gwajin yau da kullum, sai da na'urori na musamman.

Mai Neman Fuloti:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan roƙi mai fulotin ya ɗaga mini ƙafa har a yi ruwa, in je in bi hanyar ruwan da ƙafata tun daga tudu har tafkin, in kuma gaida jauron wurin. Malama, a wace irin roba zan kawo?

Malamar Gwaje-gwaje:
Na ƙwayoyin cuta ka karɓi kwalba daga ɗakin gwajin, don tasu an riga an kashe mata ƙwayoyi. Ka sa ta a kula da ƙanƙara, ka kai cikin awa 6. Na mai kuma sai kwalbar gilashi, roba tana riƙe shi a jikinta. Ka rubuta rana da wurin da ka ɗiba a jikin kowacce.