In harsashi ya shiga, na bindigar ne?

Maharbin Ringim: Salamu alaikum. Akwai maganar da ke yawo tsakanin yaranmu, wai in harsashi ya shiga bindiga ta rufu, to nata ne, kuma na soja da na farar hula suna kawai ya raba su. Ni dai ina ganin da ƙamshin gaskiya. .308 Winchester na farar hula ya fito a 1952, sojojin NATO suka ɗauki 7.62x51 a 1954, tsawon kwanso milimita 51 duka biyun. Ina bambancin?

Sajan mai ritaya: Wa alaikumus salam. Malam, daga waje ka auna. Kwanson soja ya fi kauri, kuma mazaunin harsashi na bindigar soja irin su G3 da FN an ɗan yi shi sako-sako, don ta ci gaba da aiki cikin ƙura da zafi. Ka sa .308 mai siririn kwanso a tsohuwar bindigar da mazauninta ya yi sako-sako, kwanson zai miƙe ya cike gurbin. Wani lokaci ya tsinke dab da gindi, iska mai zafi ta dawo fuskar mai harbi, rabin kwanson ya maƙale a ciki.

Maharbin Ringim: To ka ga laifin tsohuwar bindiga ne, Sajan, ba na harsashi ba.

Sajan mai ritaya: Shi ya sa "ya shiga" ba hujja ba ce. A ƙaramin harsashi ma abin juyewa yake. 5.56 na soja da .223 Remington kamar Hassan da Husaini suke a ido. Amma a bindigar 5.56 akwai 'yar tazara mai tsawo kafin kan harsashi ya kama tsagin da ke murɗe cikin bututu. A ta .223 tazarar gajera ce. Na soja in ya shiga ta .223, kan yana cin karo da tsagin da wuri, matsi ya haura. .223 a bindigar 5.56 babu damuwa. Akasin haka ne masana'antun Amurka suka yi gargaɗi a kai.

Malamin kimiyya, Birnin Kudu: Kawu, a nan zan ɗan ja. Mutane na jera lambobin matsi su ce na soja ya fi da kaza, alhali ba hanya ɗaya ake aunawa ba. Ma'aunin farar hula na Amurka ya sa iyakar .223 a psi 55,000, NATO kuma a wani wuri daban na kwanson take ɗaukar nata awon. Kwatanta su kai tsaye kamar gwada tiyar Dawanau ce da ta wani ƙauye. Abin da aka fi gani shi ne makunnin gindin kwanso, wato ɗan abin da ke kunna albarushi, ya baje ko ya fice, kwanso ya ƙi fita. Ba kullum bindiga ke tarwatsewa ba.

Sajan mai ritaya: Makunnin da ya fice ina yake zuwa? Cikin kunama yake faɗawa ya cije ta. Wannan kaɗai ya isa, ɗana.

Maƙerin Rano: Ku bar ni in shigo ta wajen sake cika kwanso, don can ne aka fi yin ganganci. Kwanson 7.62 na soja tunda ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci. Awon albarushin da ya zauna lafiya a kwanson .308, in ka zuba shi a na soja matsi zai fi. Sannan ku leƙa cikin kwanso da fitila. Rami ɗaya a tsakiya, nau'in Boxer ke nan. Ƙananan ramuka biyu a gefe, Berdan ne, kuma mai neman turo makunninsa ta tsakiya tsinken zai karya. Wasu ma ba tagulla ba ne, ƙarfe ne aka shafa wa fenti, mayen ƙarfe na kama su. In kuwa ka ga zobe mai sheƙi ya kewaye kwanso sama kaɗan da gindi, ya gama aiki, a jefar.

Maharbin Ringim: 7.62 na AK fa?

Maƙerin Rano: Milimita 39 ne, wancan 51. Kaurin kan ma ba ɗaya ba. Lamba kawai suka haɗa.

Sarkin Baka: Yara, kun tafi Turai kun bar gida. Waɗannan bindigogin soja dokar makamai ta 1959 ta haramta wa farar hula, kuma haɗa harsashi a ɗaki ba izini laifi ne. Abin da ke hannunmu da lasisi shi ne mai baki biyu da bindigar toka, kuma nan ne wannan magana ke cire yatsu. Katirij mai lamba 12, wato lambar faɗin bututu, akwai mai tsawon milimita 70, akwai mai 76. Awon na bayan an harba ne, bakin ya buɗe. Kafin harbi bakin a naɗe yake, don haka mai 76 zai shige bindigar 70 salin-alin, ta rufu. Da an harba, bakin ba shi da wurin buɗewa, sai ya matse hanyar dalma. Ku karanta abin da aka buga a jikin bututun.

Malamin kimiyya, Birnin Kudu: Ranka ya daɗe, da katirij na 20, wanda ya fi siriri, a bindigar 12. Yana zarcewa ya tsaya a gaba, mutum ya ga mazauni wayam ya ƙara na 12 a bayansa.

Sarkin Baka: Wannan kam bututu ne zai tsage daidai inda hannun hagu yake. Haka mai farke katirij ya juye albarushinsa a bindigar toka. Na katirij ba mai hayaƙi ba ne, ƙarfinsa ya ninka baƙin albarushi nesa ba kusa ba, bututun maƙera ba zai riƙe shi ba ko da an rage awo.

Maharbin Ringim: Na katirij na sallama, Baba. Amma 7.62 na soja a sabuwar bindigar .308, har yanzu ban ji wanda ya kawo illarsa ba.

Sajan mai ritaya: Ta wannan fuskar galibi lafiya lau, ban musa ba. Ta ɗaya fuskar nake magana, kuma sai an auna mazaunin da ma'auninsa kafin a ce komai.