Ciwon huhu ɗaya, yara biyu, amma ɗaya ya fi jin jiki

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Yarana biyu sun kamu da nimoniya, wato ciwon huhu, da hunturun bana, ɗaki ɗaya suke kwana. Yayar ta warke da maganin sha, ƙanin kuwa sai da ya kwana 6 a asibiti da iskar oksijin. Abin ya tsaya mini a rai. Sakacina ne?

Ɗalibin Likita: Wa alaikumus salam, Hajiya, ki daina zargin kanki. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna da wasu masu gadi, irin su TLR2, da ke gane baƙuwar ƙwayar cuta su yi kururuwa. Yadda aka gina su gado ne, kuma ko 'yan uwa ciki ɗaya ba sa gadon abu iri ɗaya. Akwai yaran da ake haifa ba su da sinadarin IRAK-4 mai isar da wannan saƙo, sai ƙwayar nimokokus, ɗaya daga cikin masu jawo ciwon huhu, ta yi ta kama su, wani lokaci ko zazzaɓi mai ƙarfi babu. Amma wannan ba kasafai ba ne. Ƙarancin shekaru ma kaɗai ya isa ya sa ƙanin ya fi jin jiki.

Inna Ungozoma: 'Yata, an yi masa gwajin sikila? Tana lalata saifa, ita ce mai tace wannan ƙwayar daga jini. Ki kuma duba katinsa ko ya kammala rigakafin PCV, wato allurar kariya daga wannan ƙwayar.

Maman Biyu: Wallahi ba a yi gwajin ba, Inna. Gobe da safe zan kai shi. Allah ya saka da alheri.