Htop sunan yanka ne, to mene ne sunan jinsinsa da Hausa?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koya wa wasu matasa Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, bayan la'asar, a wani ɗaki mai kwamfutoci shida. Jiya ɗaya daga cikin injinan ya yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin yashi, ka danna harafi sai ka ƙirga uku kafin ya fito. Na buɗe baƙar tagar nan da ake buga umarni, na rubuta htop, sai ga asiri a fili. Can sama sanduna huɗu, ɗaya ga kowane kai na firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa inji lissafi, biyu sun cika maƙil da kore. Ƙasa da su sandar ram, ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta, ta kusa taɓa bango. Sai dogon jeri, kowane layi da lambarsa, da sunan mai shi, da kashi nawa yake ci. Na saman jerin burauza ce da wani ya tara mata shafuka kamar ba gobe. Na saukar da haske a kanta, na danna F9, na zaɓi 15, wato umarnin a rufe ta. Nan take inji ya numfasa.

Sai wani yaro ya ce, "Malam, mene ne sunan wannan abin da Hausa?" Na ce htop. Ya ce a'a, wannan ai sunan yanka ne, kamar a ce Toyota, shi jinsin yake tambaya, kamar a ce mota. Wallahi ya ƙure ni.

Kuma yana da gaskiya, don dangi ne guda. Kakansu top, wanda William LeFebvre ya rubuta wa Unix, magabacin Linux, a 1984, sunansa ya samo asali ne daga yadda yake ɗora mafi ci a saman jeri, don top da Turanci sama ne. Htop ya zo a 2004 daga hannun Hisham Muhammad, mutumin Brazil, harafin h ɗin ma na sunansa ne. Btop ya biyo baya a 2021 da zane-zane masu ɗaukar ido. Masu Windows suna da Task Manager, sai dai shi da linzami aka fi juya shi. Kalmomi uku ke ba ni wuya: "terminal" (baƙar tagar nan), "process" (kowane layi na jerin nan), da "monitor" (mai sa musu ido). A taimaka.

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Malam, na ukun ai an gama da shi tun muna firamare. Monita ne. Wa ke rubuta sunan masu surutu, ya sa shugabansu a layin farko?

Mai buɗe zance:
Ka sa ni dariya, kuma kwatancin ya zauna. Matsalar ita ce monita ya riga ya yi mata biyu: ga ɗan aji, ga gilashin kwamfuta da kuke sayarwa a shago. In na ce wa yaro buɗe monita, maɓallin allo zai laluba. Bayan haka monitan aji takarda kawai yake miƙa wa malami, shi kuwa htop da bulalarsa a hannu.

Ɗalibi:
Malam, ni na ga an fassara "terminal" da tasha. Ba ta yi ba?

Injiniya:
Ƙanena, ta fuskar tarihi ba ka yi nisa ba. A da abin inji ne na gaske, allo da madannai kawai, babu ƙwaƙwalwar kirki a cikinsa, an ja masa waya daga wata ƙatuwar kwamfuta da ke wani ɗaki. VT100 na kamfanin DEC da ya fito a 1978 shi ne sananne a cikinsu, har yau tagogin da muke buɗewa kwaikwayonsa suke yi. Wato ƙarshen layi ne, kamar tashar jirgin ƙasa. Amma kunnen Bahaushe in ya ji tasha, 'yan kamasho yake ji suna kiran saura mutum ɗaya. Ni "tagar umarni" nake cewa. Baƙin allo da wasu ke faɗa na makaranta ne, kuma ana iya mayar da launinta fari.

Mai buɗe zance:
Tagar umarni ta karɓu, Hajiya. Mu wuce ga mai wuyar, wato "process".

Malamin Hausa:
Kafin ku wuce, ina roƙon kada kowa ya kawo "tsari". Na sha ganinta a fassarorin na'ura, kuma ba ta da haɗi da abin da kuke nufi. Tsari shi ne yadda aka jera abu. In na fahimce ku, manhaja tana kwance a rumbun ajiya kamar garma a jingine, wannan abin kuwa shi ne lokacin da aka ɗauke ta aka shiga gona. To me zai hana "aiki mai gudana"? In kuna son gajeriya, Hausa na da awon mantau da makarau da jimrau, sai ku ce gudanau.

Injiniya:
Allah ya gafarta Malam, gudanau ta yi daɗi a baki, amma za ta yi wa yara ƙarya. Ku duba layin saman htop a kan kwamfutar da ba ta cikin wahala: za ku ga ɗari da wani abu a jeri, amma masu gudana a wannan daƙiƙar ɗaya ne ko biyu. Akwai shafi mai harafi ɗaya tak da ke faɗin halin kowa. R yana kan aiki ko yana layin jira. S barci yake, yana jiran a taɓa madanni ko saƙo ya shigo. D ya maƙale yana jiran faifai, ko magana ba ya ji. Mafi yawansu S ne. Ta yaya za mu kira mai barci gudanau?

Ga wani abu kuma. Wannan abin haifarsa ake yi. Wani ne ke haifar wani, shi ya sa in kun danna F5 sai jerin ya koma salsala, kowa a ƙarƙashin wanda ya haife shi, har a kai ga mai lamba 1, kakan kowa, wanda a yawancin Linux na yanzu sunansa systemd. Ana ba shi lamba, yana cin rabonsa, yana barci, yana farkawa, yana mutuwa. Aiki ba ya yin waɗannan. Mai aiki ke yi. Ni da za a bi tawa, "ɗan aiki" za a ce, jam'i 'yan aiki. Manhaja ɗaya tana iya ɗaukar 'yan aiki da yawa, kamar Chrome da ke raba shafukansa ga gomman 'yan aiki.

Malamin Hausa:
Na sallama, 'yata. Kin kayar da ni da hujja, kuma kalmarki ta fi tawa haihuwa. Ina jin akwai wanda uwarsa ke mutuwa ta bar shi?

Injiniya:
Akwai, Malam, kuma Turawan ma maraya suke kiransa. Mai lamba 1 ne ke zama mariƙinsa. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne mai harafin Z. Su "zombie" suke ce masa, na ga wasu sun mayar da shi fatalwa. Ban yarda ba. Fatalwa yawo take tana tsorata mutane, wannan kuwa ba ya motsi, ba ya cin firosesa, ram ɗinsa ma an karɓe. Ya gama aikinsa ya mutu, sunansa ne kawai ya rage a rajista don uwarsa ba ta zo ta karɓi labarin mutuwarsa ba. Gawa ce da ba a yi wa sutura ba. Shi ya sa ko ka aika masa 9 sau goma ba ya gusawa, ba a kashe matacce. Sai dai ka nemi uwar, ko dai ta farga ta karɓa, ko ka sallame ta mariƙi ya share sunan.

Mai gyaran kwamfuta:
Hajiya, wannan 9 da 15 ɗin fa? Ni kullum 9 nake bugawa, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Mai buɗe zance:
Za ta ba ka wata rana. Ni ta ba ni. Na taɓa buga wa rumbun bayanai 9 a wani ofis da na yi wa aiki, yana tsakiyar rubutu, ban bar wurin ba sai bayan isha'i ina lallaɓa shi ya tashi. Duk biyun "kill" ake ce musu, kuma kashewa ta dace tunda muna kashe fitila da rediyo, amma Hausa za ta iya rarrabe su fiye da Turanci. 15 sallama ce: an gaya wa ɗan aiki ya tattara kayansa, ya rufe fayilolin da ya buɗe, ya tafi. Yana ma iya yin kunnen uwar shegu. 9 kora ce: ba shi ake gaya wa ba, cibiyar Linux ce ke ɗauke shi cak ta jefar waje, ko takalmi ba ya ɗauka. A fara da sallama.

To yanzu ga asalin tambayar yaron. Tunda 'yan aiki ne, sarkin aiki?

Malamin Hausa:
Shi ke raba musu aiki da abinci?

Mai buɗe zance:
A'a, Malam. Cibiyar ce ke rabo. Shi leƙawa kawai yake a wani kundi da ake kira /proc, inda Linux ke baje halin kowane ɗan aiki, ya kwaso, ya jera, bayan daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ya sake leƙawa. In ka rufe shi, inji ba ya rasa komai.

Malamin Hausa:
To ba sarki ba ne. Ku yaran yanzu ba ku san duba-gari sosai ba. Da ƙuruciyarmu in aka ce ga shi nan, sai ka ga mata sun hau share tsakar gida ana tuntsurar da tsohon ruwa. Ba shi ya gina gidan ba, ba shi ke ciyar da shi ba, amma zai shigo ya buɗe randa, ya leƙa kwata, ya ga inda ƙazanta ta taru, kuma yana da ikon ya sa a ci ka tara. Abin da kuka bayyana mini ke nan tun ɗazu. Ku ce duba-aiki. Ginin kalmar irin na dafa-duka ne, aikatau da abin da ya faɗa wa, Bahaushe ba zai yi tuntuɓe da ita ba.

Injiniya:
Ta rufe har ɓangaren sandunan sama? Don nan ba 'yan aiki ake nunawa ba, abin da suke ci ne. Wasu na cewa albarkatu, ni kuwa in na ji ta sai man fetur da ma'adinai su faɗo mini.

Malamin Hausa:
Ki ce ƙarfin inji. Mai duba aiki ai dole ya duba abin da aka kashe a kansa.

Mai buɗe zance:
Na gwada yau a aji. Ban yi bayani mai tsawo ba, na ce kowa ya buɗe tagar umarni ya kira duba-aiki. Can sai yaron nan na jiya ya ɗaga hannu: "Malam, akwai ɗan aiki a nan da ya cinye rabin ram, in sallame shi ko in kore shi?" Wata yarinya kuma ta firgita da ta ga sandar ram ta cika da ruwan ɗorawa, na ce ta kwantar da hankali, wannan ajiyar ko-ta-kwana ce, Linux na sakinta da zarar wani ya buƙata, kore shi ne wanda aka ci da gaske.

Saura guda da ban samo ba. Akwai lambobi uku a gefen dama na sama, matsakaicin 'yan aikin da ke kan aiki, ko ke jiran layi, ko suka maƙale suna jiran faifai, a minti 1, da 5, da 15 da suka wuce. A inji mai kai huɗu, in ka ga 4 to ya cika daidai, in ka ga 8 rabi na tsaye suna jira.

Ɗalibi:
Malam, wannan ai lodi ne. Mota mai cin mutum huɗu an zuba mata takwas. Kun ƙi mini tasha, to ga ta ta dawo ta bayan gida.

Mai buɗe zance:
Ka ci wannan. Lodin inji. Gobe kai za ka rubuta ta a allo.