Neman taimako kan MySQL 5.7 a kwamfuta mai M1

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana kan matsalar da ta tsayar mini da aiki kwana uku ke nan. Na koma amfani da MacBook mai M1 (processor ɗin da kamfanin Apple ya ƙera), wadda ke kan tsarin processor na arm64, alhali aikinmu ya dogara da MySQL 5.7 (manhajar rumbun bayanai) a cikin Docker (manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓaɓɓen wuri da ake kira kwantena), kuma kunshin MySQL 5.7 na Docker (image) na amd64 ne kaɗai, wato tsarin processor na Intel da AMD. Da na ƙara layin platform: linux/amd64 a fayil ɗin compose (fayil ɗin saitin Docker), kwantenar ta tashi, amma gwajin da abokan aikina ke gamawa cikin 'yan mintuna yakan ci mini kusan awa guda. Shin kunna Rosetta (manhajar Apple da ke sa manhajojin amd64 su yi aiki a kan M1) zai rage jinkirin, ko komawa MySQL 8 ya fi, ba tare da bayananmu sun lalace ba?